Kujera Ta Sifiri

Shekara talatin da ɗaya ina raba wa fasinja kujera a tasharmu ta Kafanchan. Aji uku na yi a boko. Ban taɓa ɗora mutum biyu a kujera ɗaya ba.

'Yata Nabila ta karanta kwamfuta. Ita ta haɗa mana manhajar rabon kujera: hoton bas mai kujera sha takwas a allo, kowace kujera da maɓallinta, in an danna sai ta koma ja. Meshak, sakataren ƙungiyar direbobi, ya so a kawo mutanensa daga unguwar Sabon Tasha ta Kaduna su yi aikin. Na faɗa a gaban kwamiti: in na Nabila ya gaza, ranar zan bar teburina.

Da farko ɗai-ɗai ta rubuta maɓallan nan sha takwas, kowanne da nasa umarnin. Canza launi kawai sai ya cinye mata wuni. Daga baya ta zuba su a jeri guda, kowanne da lambarsa, umarni ɗaya ya bi ta kansu duka. Na ce mata haka muke lodi.

Ranar gwaji kwamiti ya cika rumfa. Motar Kaduna na kan layi. Nabila ta danna maɓalli na farko, tikiti ya fito da sifiri. Na ƙarshe kuma sha bakwai.

Meshak ya fashe da dariya. "Baba Jibir, kwamfutan yarinyanka ya cinye kujera ɗaya! Sifiri kuma wa zai zauna, aljani?"

Nabila ta sunkuyar da kai. Ta ce a hankali, "Baba, na'urar daga sifiri take fara ƙirga jeri. Na manta."

"Ɗaga kanki," na ce.

Na juya. "Meshak, wa ke fara shiga mota?"

Na ba shi amsar da kaina.

"Direba. Ba a yanka masa tikiti. Sifiri tasa ce." Na dubi Nabila. "Mai da jerin sha tara, ki kulle ta farko. Wuri nawa za ki taɓa?"

"Biyu, Baba."

Ta canza lamba ɗaya, ta ƙara layi ɗaya. Kafin Meshak ya gama share hawayen dariya, kujeru sun tsaya daga ɗaya zuwa sha takwas, ta direba baƙa a gaba. Muka loda motar. Kowa ya zauna inda tikitinsa ya ce.

"Sa'a ne," in ji Meshak. "A gwada da babban mota."

"Kawo ta."

Mai kujera talatin ce. Nabila ta sake canza lambar nan ɗaya, allo ya cika da maɓallai.

Na koma teburina na zauna. Benci ɗaya ne a gefena, Meshak ke kai. Na dube shi har ya tashi, Nabila ta zauna da kwamfutarta.