Dankali Cikin Madara

Tun ranar Alhamis da Ylva ta bugo waya ta ce za ta zo ran Lahadi su zauna su yi magana, Sixten bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Ya san maganar. 'Yarsa ce, ita kaɗai ya haifa, kuma tun tana ƙarama in ta sassauta murya ta ce, "Baba, ba wani abu ba ne," to lallai wani abu ne. So take ya bar gidan nan na bakin kogi ya koma gidan tsofaffi da ke cikin gari, inda ake ƙwanƙwasa maka ƙofa a shigo da magani a ɗan kofi.

Butar gahawa ce ta ja masa. A watan Agusta ya ɗora ta a murhu, ya fita ɗauko itace, ya tsaya gyaran ƙofar rumfa, sai kukan na'urar hayaƙi ne ya dawo da shi a guje. Buta ta ƙone, labule ya yi baƙi, iyakar abin da ya faru ke nan. Amma maƙwabta ba su da aikin yi, kafin yamma labari ya kai wa Ylva a birnin Umeå. Shekara saba'in da tara mutum yana kunna wuta yana kashewa ba wanda ya ce masa sannu, rana ɗaya ya manta sai a fara nema masa ɗaki.

Shi ya sa ya ƙudura zai dafa mata dankali cikin madara, irin wanda marigayiya matarsa Gunvor take yi a ci da kyafaffen kifi. Ba na ragwaye ba, da ake dafa dankali daban a dama fulawa a kwara masa. Ɗanye ake yanka shi, ya nuna a cikin madarar da wuta kaɗan-kaɗan, mutum na tsaye yana juyawa har rabin awa. Kana ɗauke ido madara ta kama. A lissafin Sixten, duk wanda ya kai wannan girki teburi lafiya, ba mai cewa kansa ya fara kwancewa. Abu ɗaya ne kawai, shekara hamsin da biyu yana cinsa, bai taɓa dafawa ba.

Ya buɗe gwangwanin da Gunvor take ajiye katunan girkinta, ya lalubo na dankalin. Layi huɗu ne jal. "Dankali, a yanka ƙanana. Madara ta rufe shi. Gishiri da man shanu. Kar a bar wurin." Haushi ya kama shi. Matar da in ta fara ba da labarin zuwa kanti sai gahawa ta huce, yau da ake neman bakinta ta tsuke shi.

Ran Lahadi da hantsi ya sauka ɗakin ajiya na ƙarƙashin gida ya zaɓo dankalin da ya haƙa da hannunsa a watan jiya. Ya fere, ya yanka. Tsohon kafinta ne, don haka kowane yanka ya fito daidai da ɗan'uwansa. Da ya gama sai ya ga wani fari-fari ya shafe wuƙar da katakon, yana danƙo a yatsa. Ya ɓata fuska. Yau fa ranar da za a duba tsaftarsa ce. Ya juye dankalin a kwano ya wanke, ya tsiyaye, ya sake wankewa, har sau uku, sai da ruwan ya fito garau. Har ya ɗan ji kansa ya ƙara girma.

Sha ɗaya da minti goma ya ɗora tukunya. Ylva ta ce sha biyu, kuma Ylva ba ta san latti ba, gado ta yi wajen uwarta. Ya tsaya da cokalin katako yana juyawa. Gwiwarsa ta hagu ta fara ƙorafi, ya share ta. Fitsari ya matse shi, ya ƙi motsawa. Kati ya ce kar a bar wurin, ko gobara ta tashi a maƙwabta ba inda za shi.

Sha biyu saura minti ashirin ya soka wa dankali cokali, ya ji ya nuna. Amma madarar tana nan yadda ya zuba ta, tsululu, dankalin yana iyo a ciki. Na Gunvor in ka ɗebo a cokali sai ya yi nauyi, ya sauka a faranti ya zauna. Ya ƙara juyawa. Ya ɗan ƙara wuta, ya tuna, ya yi sauri ya rage. Ya ɗauki katin ya karanta, ya juya bayansa, ba komai.

Nan gabansa ya faɗi. Ba lalacewar abincin ce ta tsorata shi ba. Tsoronsa kada a ce akwai abin da ya sani, abin da ya sha gani da idonsa a kicin ɗin nan, ya fice masa daga kai bai ma san ya fita ba. Ranar buta ma haka ne, har ya shigo cikin hayaƙi yana rantsuwa a ransa cewa ya kashe.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya san hannun Gunvor, ƙanwarta Majken, wadda ba su taɓa yin minti biyar ba su yi musu ba. Ya danna lambarta da hannun hagu, dama na juyawa.

"Wa ya mutu?" in ji Majken. "Kai ba ka kira sai an yi mutuwa."

"Majken, dankali nake dafawa cikin madara."

Ta fashe da dariya har da tari. "Kai? Ka sanar da 'yan kwana-kwana tukuna?"

"Don Allah bar wasa. Ylva na hanya. Ya nuna amma ya ƙi kauri."

"Wane dankalin ka sa?"

"Namu na gona."

"To ai shi ne. Madara fa, ba wannan farin ruwan da likita ke sa ku sha ba?"

"Mai mai ce. Na yanka daidai, na wanke shi tas, na zuba..."

"Ka me?"

"Na wanke. Sau uku ma."

"Bayan ka yanka? Wayyo Sixten! Wannan fari-farin ai shi ne sitacin, shi ke ɗaure madarar. Ka ɗauki abincin ka tura shi kwata, ka dafa abin da ya rage."

"Ba ta rubuta ba," ya ce, muryarsa na rawa. "Majken, na karanta sau goma, ba ta rubuta ba."

Wataƙila ta ji rawar, don ta sauke murya. "Yo wa zai rubuta? Ba ta zaci akwai mai wannan wautar ba. Ba mantuwa ka yi ba, tsoho, jahilci ne kawai, kuma da shi aka haife ka. Akwai sauran ɗanye? Fere guda ɗaya babba, ka goga shi a ciki, ka yi ta juyawa. Ka wanke wannan kuma, da kaina zan kai ka gidan tsofaffin."

Bai taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Ya goga dankalin har da fatar yatsa, ya juya, ya juya. Saura minti biyar cokali ya fara jin nauyi. Madara ta haɗe, ta yi sheƙi, ta bi jikin dankali ta kwanta. Ya jefa man shanu, ya barbaɗa ganyen ƙamshin nan da ake kira dil, ƙamshin da ya rabu da gidan tun rasuwar Gunvor ya tashi ya cika kicin. Daidai nan ya ji ƙarar tayar mota a kan tsakuwa. Ya fizgo tsumma ya sauke tukunya, ya kai teburin falo, ya dawo ya wurga tsumman gefen murhu, ya nufi ƙofa yana gyara wuyan riga.

Ylva ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta rungume shi, ta tsaya tana shaƙar iska. Akwai farar ambulan mai tambarin gidan tsofaffi a bakin jakarta, ya gan ta sarai, ya yi kamar bai gani ba.

"Baba, wa ya yi girki?"

"Wa kika gani a gidan?"

Suka zauna. Ta zuba, ta ɗora kifi a gefe, ta kai loma. Shi ko cokali bai ɗauka ba, idonsa na kan bakinta. Ta tauna a hankali, ta ajiye cokali, ta danne idonta da bayan hannu.

"Ni sau biyu na gwada, sau biyu ina ƙona tukunya," ta ce. "Ya aka yi ka iya?"

"Ai ba wuya. Kar dai ki wanke shi bayan kin yanka. Wasu wawayen suna yi."

Ta yi dariya, ta miƙe za ta ɗebo ruwan sha a kicin. Ta ɗan daɗe. Ya san abin da take yi, leƙa firji take ko madararsa ta lalace. Ta leƙa, ba abin da za ta samu. Ta dawo da tulun ruwa, ta zauna ta ƙara faranti na biyu, tana ba shi labarin aikinta da sauri-sauri. Ba ta taɓa ambulan ba. Da ta gama ta gode masa da abinci kamar yadda ake yi, ya ji wani sanyin daɗi ya ratsa shi har ƙafa.

Ya tashi zai ɗora gahawa. A bakin ƙofar kicin ya tsaya cak. Ya bi abin da ya yi ɗazu a ransa: ya sauke tukunya, ya kai teburi, ya wurga tsumma, ya tafi ƙofa. Ya sake bin lissafin daga farko, bai ga inda hannunsa ya taɓa makunni ba.

Ya ƙarasa da ƙyar. Makunnin yana kan sifiri. Kan murhun kuwa har yanzu hucinsa na dukan tafin hannu. An buɗe taga kaɗan. Tsumman da ya wurga yana cikin wurin wanke-wanke a jiƙe, gefensa ɗaya ya ƙone ya yi baƙi, an naɗe shi yadda ƙunar za ta koma ƙasa.

Ya daɗe a tsaye yana kallon tsumman. Kunya ta kama shi, sannan tausayin yarinyar ya fi kunyar ƙarfi. Ta ga wannan, ta dawo ta zauna ta ci faranti biyu tana yi masa dariya.

Ya dafa gahawar, ya kashe, ya duba sau biyu, ya kawo. Ylva na kankare gindin tukunya da cokali, ba ta ɗago ba. Ya zuba mata, ya zuba wa kansa, ya zauna.

"Ylva."

"Na'am, Baba."

"Ɗakin nan da ke cikin takardarki. Akwai murhu?"

Cokalin ya tsaya. "Akwai ƙarami, mai kai biyu. Yana kashe kansa in an daɗe."

"Bayan minti nawa?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ki tambaye su," in ji Sixten. "Dankalin nan rabin awa yake ci."