Hannu Biyu a Wasan Ɗigo

Maman Ɗigo tana cikin zare takalminta a ƙarƙashin tebur sai Maigadi ya turo kujerarsa har gefenta, tayoyin suna ƙara a kan siminti.

"Anti, zo ki ga aljani da rana tsaka."

Ba gadin ƙofa yake yi ba. Shi ne mai kula da tsaron kwamfutocin kamfanin, tun ranar da ya fara aiki aka laƙaba masa sunan, har Oga ma da shi yake kiransa. Kamfanin ɗakuna biyu ne a saman wani shagon taya, suna yin wasannin lissafi da makarantun firamare ke ɗora wa yara a waya da kwamfutar hannu. Ita kuma nata aikin shi ne ɓangaren da ke zaɓa wa kowane yaro wasan da zai yi na gaba.

Ta mayar da ƙafa ɗaya cikin takalmi ta bi shi. A gilashin kwamfutarsa akwai ɗige-ɗige kala biyu, shuɗi da ja, kowanne ya taru a gefensa kamar yaran da suka yi faɗa.

"Akawun ɗin yaro ɗaya ne," in ji shi, "amma hannu biyu ke wasa a ciki. Kin ga shuɗin? Yana jinkiri, ya kai yatsa kan amsa ya fasa, ya dawo. Wannan yaro ne. Jan kuwa ko numfashi ba ya yi. Tambaya ta fito, ya kashe ta. Na'urata ta ce kashi casa'in da bakwai cikin ɗari ba mutum ɗaya ba ne."

Ba a nuna musu sunayen yara, sai lamba da ɗan hoton da yaro ya zaɓa wa kansa. Wannan hoton kwaɗo ne kore, sanye da hula ruwan hoda mai kunnuwa biyu. Nan take ta gane kwaɗon.

"Wataƙila yayansa ne," ta ce.

"Haka na ce da farko. To amma abin dariyar, mai jan hannun nan wani lokaci da intanet ɗin ofishin nan yake shiga." Ya yi dariya yana waige-waige, kamar zai hango mutumin a bayan firij. "Ɓarawon a cikin gida yake, Anti."

Ta yi ƙoƙarin taya shi dariyar, sai tari ya fito.

Dokar da Oga ya kafa tun da wata makaranta ta kawo ƙorafi ita ce, duk akawun ɗin da aka yi zargin wani ne ke yi wa yaro wasa, a aika wa malamin ajin kafin a tashi aiki. Amma sai ya biyo ta teburin Maman Ɗigo tukuna. Ita za ta danna ɗaya cikin biyu, ko zargin gaskiya ne ko kuskure ne, domin daga amsarta na'urar tsaron take ƙara wayo.

Ta koma kujerarta. Saƙon har ya riga ta isowa.

Ɗigo 'yarta ce, ita kaɗai, tana aji uku. Da aka haife ta babanta ya leƙa cikin zani ya ce wannan ai ɗigo ce, sunan kuma ya zauna. Abin ya fara ne wata safiya, farkon zangon karatu. A wasan, kwaɗo zai tsallaka kogi a kan ganyayyaki, kowane ganye da tambayarsa ta rabi da kwata da sulusi. Ɗigo ta maƙale a tsakiyar kogin. Kwaɗon ya faɗa ruwa, ya sake faɗawa, yarinyar ta kifa kai a kan tebur tana kuka, shayinta ya huce, bas kuma ba ya jiran kowa. Da ta shiga wanka, uwar ta ɗauki kwamfutar hannun ta tsallakar da kwaɗon. Bai kai lokacin tafasa ruwa ba. Ɗigo ta fito da tawul ta ga kwaɗonta a gaɓa yana rawa, ta kalli uwarta, ta wuce sa kayan makaranta.

Da wata uwa ce, sai a ce ba ta sani ba. Maman Ɗigo kuwa ita ta rubuta tsarin wasan da hannunta, a kan ƙa'idar lissafi ta Bayes da ta karanta a jami'a har ta haddace shafin. Ita ce kuma Oga yake turawa makarantu ta yi wa malamai da iyaye bayani, kuma tana da misalin da take alfahari da shi. Na'urar kamar mutum ce da aka kawo masa baƙo, in ji ta. Yana farawa da zato, daga nan duk abin da baƙon ya yi sai ya gyara zaton kaɗan. Yaro ya ci, ta ɗaga shi kaɗan. Ya faɗi, ta sauko da shi kaɗan, har ta gano daidai inda ƙafarsa take taɓa ƙasa. Daga nan sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Don Allah kada kowa ya taya yaro. Da kuskurensa na'urar take gane shi."

Washegari na'urar ta gyara zatonta, ta ba Ɗigo kogi mai faɗi. Ɗigo ta nutse. Uwar ta sake tsamo ta, wannan karon da wayarta, a cikin bas bayan ta ajiye yarinyar a makaranta. Daga nan sai a ofis, lokacin cin abinci. Duk tsamowa ɗaya tana ƙara wa kogin zurfi, kuma ta san haka, tana iya zana shi a allo. Kullum tana cewa gobe za ta gyara. Sai Baban Ɗigo, da yake aiki a wani gari, ya fara ɗaukar hoton matakin da yarinyar ta kai yana tura wa 'yan'uwansa, yana rubuta cewa kan uwarta ta ɗauko.

Yau da safe Ɗigo ta ce cikinta na ciwo. Uwar ta taɓa goshinta, babu zafi. Suna tsaye a tashar bas yarinyar ta ce, tana kallon igiyar takalminta, "Mama, kai yana lalacewa? Kamar madara?"

Yanzu ga maɓallai biyu a gabanta. Idan ta danna kuskure ne, saƙon ya mutu a nan, babu mai ji, na'urar Maigadi ta koyi ƙarya, Ɗigo kuma ta ci gaba da nutsewa. Idan ta danna gaskiya ne, Malamar ajin Ɗigo za ta samu saƙo cewa wani ne ke yi wa yarinyar wasa, kuma ta san Malama. Mace ce mai kirki, amma ba ta iya magana a hankali ba, ko gaisuwa ce sai ajin maƙwabta ya amsa.

Ta kai kibiyar kwamfutar kan maɓallin kuskure ne ta bar ta a can. Ta buɗe wani aiki ta rufe. Ta wanke kofin da ba nata ba. Da rana ta yi, kowa ya sauka neman abinci, fankar sama tana juya takardun teburin Oga, ita da kibiyar suka zauna suna kallon juna.

Maigadi ya dawo da kofi biyu na shayi, ya ajiye ɗaya kusa da hannunta. Bai kalli gilashin ba, ya kalli silin.

"Anti, kin san aikina. Na san wayar kowa a gidan nan. Har ta mai shagon taya da ke satar mana intanet."

Ta riƙe kofin da hannu biyu. "Tun yaushe?"

"Tun kafin in kira ki. Na ce bari in yi wasa da abin, ko zai zo miki da sauƙi. Ashe ban iya wasa ba." Ya sosa ƙeya. "In kin danna kuskure ne ba zan ce komai ba. Ni ma na taɓa zana wa ƙanwata taswira, malamin ya ba ni maki mai kyau ƙwarai."

"Idan aka tabbatar, me zai faru da akawun ɗin?"

"Ke kika rubuta tsarin. A goge komai, na'ura ta koma zaton farko. Ba ta iya tsince na yarinyar daga naki."

"Har abin da ta ci da kanta."

"Har shi."

Hular ruwan hodan nan, Ɗigo ce ta ci ta da hannunta, makon farko, kafin kogin. Ta kwana biyu tana nuna wa duk wanda ya shigo gidan.

Maman Ɗigo ta matsar da kibiyar ta danna gaskiya ne. Sannan ta laluba ɗayan takalmin da ƙafa.

"Riƙe saƙon sai na kira ka. Ina so in riga shi isa."

Bas ɗin cike yake, ta tsaya riƙe da ƙarfe, jakar wani tana dukan gwiwarta. Duk hanya tana shirya jimloli masu kyau, amma da ta shiga makarantar ta tarar da Malama ita kaɗai a aji tana goge allo, sai duk suka watse. Yara suna filin wasa suna jiran iyaye. Ta faɗi abin a tsaye, a gajarce, jaka a ƙirji kamar ɗalibar da ta makara.

Malama ta ajiye tsumman.

"Ke?" ta ce. "Ke da kika tsaya a nan, nan wurin, kika ɗaga mana yatsa?"

"Ni, Malama."

"Ikon Allah." Malama ta zauna a bencin yara, gwiwoyinta suka kusa kai haɓarta. Abin mamaki, muryarta ta sauka. "Kin san me na yi? Na ga a kwamfuta ta wuce kowa, sai na mayar da ita layin gaba. In na kira ta allo ta tsaya kamar an dasa ta. Na ce taurin kai ne, ta iya tana ƙi. Shekaranjiya na hana ta fita wasa. Ta zauna can, ita kaɗai, tana ƙirga yatsu a ƙarƙashin benci."

Maman Ɗigo ta kalli bencin. An sassaƙa ɗan kwaɗo a gefensa da bakin biro.

"Ba ta gaya mini ba."

"Ni ma ba ta gaya mini ke ce ba." Malama ta miƙe tana karkaɗe alli daga hannunta. "Babu wanda zai ji a ajin nan. Amma taron iyaye mai zuwa, ke za ki sake yin bayanin nan, ina zaune a gaba ina kallonki."

A bas ɗin komawa sun samu kujerar baya, Ɗigo a jikin taga, jakarta a cinya. Uwar ta aika wa Maigadi kalma ɗaya don ya saki saƙon, sannan ta kife wayar.

"Ɗigo, kanki bai lalace ba. Ni ce nake shiga wasanki ina amsa tambayoyin. Shi ya sa aka riƙa ba ki na manya."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Kwaɗon yana samun sababbin kaya ina makaranta." Yarinyar tana jan zip ɗin jakarta gaba da baya. "Ranar nan na dawo na ga ya sa tabarau."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka kunya kike ji. A ofis ɗinku za su ga 'yarki ba ta iya ba." Ta ɗago. "Ina ta ƙoƙari in kamo ki, Mama, amma kina da sauri."

Kwandasta ya zo kansu, uwar ta daɗe tana lalube a jaka, fuskarta a ƙasa, har mutumin ya gaji ya wuce gaba ya dawo.

Sannan ta ce, "Ba kunyarki nake ji ba. Kukanki ne ban iya gani ba. Kuma laifina ne, ba naki ba." Ta gaya mata an goge komai, wasan zai fara daga farko, kamar bai taɓa ganinta ba.

"Har hulata?"

"Har ita."

Ɗigo ta juya wajen taga. Suka wuce kantin magani, da wurin wankin motoci, da wani dogon bango. Uwar ba ta ce za ta saya mata komai ba, ko da yake maganar ta zo har bakinta.

"Baba zai ga na koma ƙasa."

"Ni zan kira shi."

Can yarinyar ta zuge jakar ta ciro kwamfutar hannun. Kwaɗon yana zaune a bakin wani ɗan rafi, kansa babu komai. Ganye biyu suka taso a ruwa, tambaya ta fito a sama: wanne ya fi yawa, rabi ko sulusi?

Yatsan Ɗigo ya yi shawagi, ya nufi rabi, ya fasa, ya koma kan sulusi mai lamba uku a ƙasa, tunda uku ta fi biyu. Maman Ɗigo ta ga hannunta na dama ya taso daga cinyarta da kansa. Ta kama shi, ta tura shi ƙarƙashin jaka, ta danne.

Kwaɗon ya faɗa ruwa. Ɗigo ta waigo ta kalli fuskar uwarta, ta daɗe tana kallo. Uwar ba ta kau da kai ba.

A gilashin, kwaɗon ya fito yana kaɗa jiki. Wasan ya ɗan yi jim, sannan ya kawo hoton burodi guda biyu, an yanka ɗaya gida biyu, ɗaya gida uku. Ɗigo ta gyara zama, ta matso da shi kusa da hancinta.

"Kar ki faɗa mini," ta ce.