Ciyawar Bayan Ofis

Injin yankan ciyawa ya fara ruri a bayan ofis, Dakta yana tsaye a taga da kofin shayi, bai motsa ba.

Ya san abin da ke cikin ciyawar nan. Rabin rayuwarsa ya ƙare yana hawa duwatsu da kutsawa daji, yana farautar ƙwaron da suke kira mazarin mujiya: kamar mazari yake, sai dai idanunsa ƙwala-ƙwala ne, ga dogayen ƙahoni masu ƙulli a baki. Duk wanda ya kamo, wani ya riga shi sa masa suna. Sai ga Auta, ɗalibarsa ta jiya jiya, wadda shi ya koya mata riƙon ragar kama ƙwari, ta fita amsa waya bayan wurin ajiye motoci ta dawo da wanda babu shi a littafin kowa. Mace ɗaya ta kama. Ba a tabbatar da sabon iri sai an duba wutsiyar namiji, namijin kuwa yana cikin ƙwan da ta gani jere a kan tsinken ciyawar wannan fili.

Kishi ne, ya sani, kuma ya bar shi ya ci. Buɗe taga da ɗaga hannu kawai ake bukata a tsayar da injin. Ya kurɓi shayinsa.

Injin ya kusa cinye filin sa'ad da aka ƙwanƙwasa ƙofa. Auta ce, ta dawo daga aji, hannunta duk alli.

“Malam, wata alfarma nake roƙo. In ƙwan nan suka ƙyanƙyashe muka samu namiji, sunanka zan sa wa ƙwaron. Kada ka ce a'a.”

“Sunana?”

“To na wa? Da ba ka nuna min tsagar da ke raba idonsu biyu ba, ai da mazari zan ce, in wuce abina.” Ta yi dariya, sai dariyar ta tsaya. “Wannan ƙarar daga ina?”

Ta riga shi sauka. Kafin ya iso da haki, filin ya zama kamar kan da aka yi wa aski, an tara ciyawar tsibi-tsibi. Auta ta durƙusa tana ɗaga tsinke ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya zube a gefenta, da wandonsa mai guga, yana tonon tsibin da hannu biyu.

Mai yankan ciyawa ya kashe injin, ya matso yana share gumi.

“Ranka ya daɗe, wani abu ne ya ɓace?”

“Ƙwai,” in ji Dakta. “Na ƙwaro. A jikin ciyawar suke.”

“Ayya! Ai da ka yi magana. Tun da na fara nake hango ka a taga, har hannu na ɗaga maka.”

Hannun Auta ya tsaya a cikin ciyawar. Ba ta ɗago kai ba.