Kujerar Direba Tana Kan Tafki

Shekara bakwai na yi ina wa'azi da motata. 'Yar ƙarama ce ruwan toka, mai shan dizal, kamfanin da ya ƙera ta ya rantse hayaƙinta ya fi numfashin jariri tsabta. Ni kuwa malamin kimiyya ne a sakandaren garinmu, nan arewacin Minnesota, don haka na gaskata har da hujjoji. A bambar baya na manna sitika mai cewa: "Shaƙi iska, ni na bar maka ita fes."

Wanda ya fi shan wa'azin shi ne Arlo, ƙanen matata Marlys, mai gyaran famfo. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da in ya tayar da ita tsuntsayen unguwa sai sun canja bishiya. Duk cin abincin Lahadi sai na tambaye shi yadda yake iya barci da alhakin huhun jikokinsa. Amsarsa ɗaya ce: "Miƙo dankalin nan, Farfesa."

Sai asiri ya tonu. Ashe an koya wa motar gane lokacin da ake gwada hayaƙinta. In ta ji masu bincike sai ta nutsu kamar ɗalibin da ya hango shugaban makaranta, in ta hau titi ta ci gaba da tafka ɓarna. Ni da na shekara ashirin da shida ina kama masu satar amsa, kullum a cikin babbarsu nake zuwa aiki.

Takarda ta zo daga kamfanin da zaɓi biyu: ko in mayar musu da ita su biya ni, ko in riƙe su gyara, ƙarfinta ya ragu.

"Dwight, mayar musu," in ji Marlys. "Ka daina zagaya ta kamar mai jinya."

Na kasa. Motar ba ta taɓa barina a hanya ba, kuma kujerar direba, mai ɗumi in an danna maɓalli, ta riga ta haddace ƙuguna. Wata uku takardar na manne a jikin firji.

Wata Lahadi Arlo ya cire ta, ya karanta yana tauna nama.

"Farfesa, ka karanta wannan kuwa, ko maki kawai ka ba ta? Sharaɗinsu ɗaya ne, motar ta je da ƙarfin injinta. Ba su ce da kujeru ba. Ba su ce da rediyo ba."

"To sai me?"

"Mutane sun mai da kai sakarai a gaban surukinka, kai kuma za ka wanke musu mota ka kai da ladabi? Kwance ta. Ba su inji da tayoyi, abin da suka nema."

Ban taɓa jin Arlo ya damu da mutuncina ba, kuma da ina da hankali da nan na tsaya. Amma wata uku ina neman wanda zan huce a kansa.

Ranar Asabar muka shiga gareji da sifanu. Kujerun gaba, kujerar baya, rediyo, shimfiɗun ƙasa, safaya, bamba da sitikarta. Arlo ya nuna kirki, ya ce garejina ya cika, bari ya adana min su a wajensa. Har godiya na yi masa.

Litinin da safe, tsakiyar Janairu, na kifa bokitin fenti a gurbin kujera, na tuƙa mil talatin zuwa wajen dillali. Duk kwanar da na sha sai bokitin ya yi gaba ya bar ni. Na isa ina jin kaina gwarzo, ko da yake ba na jin cinyoyina.

Matar da ke karɓar motoci, an rubuta Lorna a ƙirjinta, ta leƙa ta taga, ta daɗe tana kallon bokitin.

"Kai ne na huɗu a watan nan, Malam. Ba ka ji ba? An hana karɓar motar da aka kwance da gangan. Ka mayar da komai yadda yake, sai mu yi magana."

"Takardar ta ce da ƙarfin injinta."

"Haka na ukun ma ya ce. Shi har ƙofofi ya cire."

Arlo ba ya gida. Matarsa ta ce yana kan tafki, inda duk mazan garinmu suke tarewa da zarar ruwan ya daskare, ƙanƙarar samansa ta yi kaurin ɗaukar mota. Na tuƙa har bakin bukkarsa ta katako. Tun daga nesa na hango bambata an kafe ta da ƙusa a saman ƙofa, daidai ƙarƙashin bututun murhu da ke tuttuɗo baƙin hayaƙi. Shaƙi iska, ni na bar maka ita fes.

Ciki kuwa ga kujeruna an ɗaure su da noti a daɓen katako, kowace tana fuskantar raminta na kamun kifi da aka huda a ƙanƙara, an ja musu waya zuwa batir. Abokansa biyu suna kishingiɗe a kujerar baya, rediyona na ba su labarin yanayi.

"Farfesa, shigo, rufe mana ƙofa. Zauna a mazauninka, na kunna maka ita."

Na zauna. Ɗumin ya ratsa ni har wuya, na kusa hawaye.

"Arlo, kayana nake so. Sun ƙi karɓa."

"Ayya. Ai naka ne, yau ma sai mu kwance. Magana ɗaya kawai za ka faɗa, ga shaidu. Ka ce a-kori-kurata ta fi motarka gaskiya. Tana hayaƙi, ba ta taɓa musantawa ba."

"Gajeriya ce, Malam," in ji ɗaya daga na baya. "Ɗana ya ce a aji kai kan sa su maimaita wadda ta fi ta tsawo."

Na duba maganar ta kowace fuska, a matsayina na masanin kimiyya, ban sami kuskure ko ɗaya a cikinta ba. Abin da ya hana ta fita ke nan. Da ƙarya ce da na faɗa mun wuce wurin.

Na ƙara minti goma a kujerar, don haƙƙina ne, sannan na miƙe.

"Na fasa sayarwa," na ce. "Dama ina son motata."

"Ka ga mutum mai amana," in ji Arlo. "Ja ƙofar da kyau."

Shekara biyu ke nan. Na ɗaure bokitin da igiya, na ɗora masa matashi, ya rage yawo. Marlys ta ce ba ta yi aure don ta zauna a kan bokiti ba, saboda haka ranar Lahadi Arlo ke zuwa ɗaukar ta coci, ni ina bin su a baya cikin hayaƙinsa, gilashi a rufe. In wani ya tambaye ni dalilin da ban mayar da motar ba, nakan ce akwai abubuwan da kuɗi ba ya saye. Arlo ya ce tayin yana nan, kuma kujerar direba ce ta fi kama kifi.