Yunwar Marigayi Gligor

Mioara ta sake tsoma ƙashin nan mai hayaki a tukunyar wake, ƙashin da ya gama ba da duk abin da yake da shi tun farkon mako. Sai ta ɗan buɗe ƙofar gida don ƙamshin ya fita ya bi matakalar bene. Tun da mijinta Sandu ya faɗo daga saman gini ya karye, ba abin da take tsoro kamar maƙwabta su gane tukunyarta ta koma ruwa. Gara su shaƙi ƙamshi su ce ana cin nama a hawa na biyu.

Dabara kam tana da ita. Busasshen burodi takan soya shi da tafarnuwa, ragowar tuwon masara ta yanka ta gasa har 'yarta Sorina ta rantse ya fi sabo daɗi. Nama ne kawai ba ya jin dabara.

Tururi ya rufe gilashin taga, hankalinta ya bi shi. Ta ga tsakar gidansu na ƙauye, inuwar inabi, mahaifiyarta tana jera sababbin kwanuka, kowanne da kyandir a tsaye. Can nesa kuma, a wani fili mai doguwar ciyawa, mamatan gidan sun zauna cikin kayan fita, suna hira a hankali suna jiran rabonsu. Yau ce Asabar ɗin mamata, ranar da duk abin da ka miƙa wa mabuƙaci da sunan naka, shi zai ci a can. Kowace shekara Mioara tana cikin masu miƙawa.

"Mioara!" Sandu ya kira daga kan kujera. "Ƙashin nan fa ya isa fansho, ki ji tausayinsa."

"Tsakaninka da shi wa ya fi aiki a gidan nan?"

Ya yi dariya, sai kuma ya kawar da kai. Nan take ta ji haushin bakinta.

Aka ƙwanƙwasa. Tsohuwa Safta ce ta hawa na huɗu, da baƙin ɗankwalinta, tana haki. A hannunta sabon faranti ne: cinyar kaza, naɗin kabeji da nama, zagayayyen burodi, kyandir yana ci a tsakiya.

"Don ran maigidana Gligor," ta ce, ta miƙo.

Kunya ta lulluɓe Mioara har wuya. Duk benen nan an san Safta ƙofar coci take kai nata, wurin mabarata.

"Haba Tanti, ai mun ƙoshi. Ba ki ji ƙamshi ba? Ki kai wa masu buƙata."

"Gwiwoyina sun ce bana ba su ba coci. Karɓi, 'yar nan, kyandir zai ƙona ni."

"Na gode, amma…"

"Wace irin na gode? Uwarki ba ta koya miki ba? In kika ce na gode ai ba zai isa wurinsa ba. Mutumin nan jiya ya zo mini a mafarki yana buga cokali a tebur. Kin dai san shi, in yunwa ta kama shi ba ya da mutunci. So kike yau ma ya hana ni barci?"

Sorina ta zo ta tsaya a bayan uwarta. Ba ta miƙa hannu ba, cinyar kazar kawai take kallo. Mioara ta ji yarinyar ta haɗiyi yawu, sai ta ji kamar an soke ta.

In ta karɓa, ta shiga sahun da take gudu. In ta ƙi, ta bar mamaci da yunwa, ta bar rayayye ma. Ta hango Gligor a cikin ciyawar nan, da hularsa ta gashin tumaki, cokali a hannu, ya ɗaure fuska yana leƙen hanya.

Ta sa hannu biyu ta karɓi farantin. Da ɗuminsa.

"Bogdaproste," ta ce, kalmar da mai karɓa ke faɗa don abincin ya isa.

"Yauwa. Yanzu ya samu." Safta ta juya ta kama ƙarfen matakala, tana hawa tana nishi. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Asabar mai zuwa kuma ta ƙanensa ce, kada ki je ko'ina."

"Tanti, yaushe Gligor ya yi ƙane? Ai shi kaɗai aka haifa."

Tsohuwar ta tsaya ta maida numfashi.

"Yana jariri ya rasu," ta ce. "Amma akwai shi da ci."

Sai a nan Mioara ta gane ba mamata kaɗai tsohuwar take ciyarwa ba. Ta tsaya riƙe da farantin har ta ji an turo ƙofa a hawa na huɗu, sannan ta ce wa Sorina ta ɗauko cokula uku.