Katin Godiyar Mama Odessa

Odessa Tillery tana tsaka da juya kaza a cikin mai ta ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Koci Whitlow ne, mataimakin mai horar da 'yan ƙwallon kwando na jami'ar da jikanta Demarion yake yi wa wasa. Tafiyar awa uku ce daga can zuwa wannan ɗan gari na Mississippi, kuma irin su Whitlow ba sa ƙona mai don gaisuwa kawai.

"Mama Odessa, wannan ƙanshi har bakin titi!"

"Goge ƙafarka ka shigo. Yau ina ka baro dariyar taka?"

Ya zauna a teburin kicin, ya zaro wata takarda daga aljihu ya shimfiɗa. Hoton wani kati ne. Ta gane rubutunta tun kafin ta sa tabarau.

Kusan shekara biyu ke nan da guguwa ta yaye mata rabin rufi, daidai lokacin da jami'o'i huɗu suke zawarcin Demarion. Whitlow ya zo, ya ga bokitai jere a falo suna taren ruwa, ya tafi. Bayan kwana huɗu sai ga kafintoci. Aka ce mata aikin wani Mista Gaither ne, dillalin motoci, ɗaya daga cikin attajiran da suke ɗaure wa ƙungiyar gindi. Ba rasit, ba sa hannu, ba wanda ya ga kuɗi da idonsa. Demarion ya zaɓi jami'arsu. Haka ake yi ko'ina, kowa ya sani, duk da dokar hukumar wasannin jami'o'i ta ce ko farantin abinci ɗan wasa ko danginsa suka karɓa, sai an hukunta shi.

Masu dabarar nan sun toshe kowace kafa, sai dai ba su san uwar da ta haifi Odessa ba. A gidansu ko kwanon wake maƙwabciya ta aiko, dole a zauna a rubuta katin godiya da hannu kafin mako ya zagayo, balle rufi sukutum. Da yake ba ta san adireshin Mista Gaither ba, sai ta aika ofishin ƙungiyar ta ce a miƙa masa. Sakatariya ta ga kati mai furanni, ya burge ta, ta manna shi a allon bango cikin hotunan 'yan wasa. Yana nan har ranar da wata mai bincike daga hukumar ta zo kan wata magana daban, tana jira a kawo mata kofi, ta tsaya karanta bango.

Whitlow ya ɗora yatsa a kan takardar ya karanta. "'Allah ya saka da alheri bisa sabon rufi. Demarion ba zai ba ku kunya ba.' Haba Mama! Har da kwanan wata!"

"Yaba kyauta tukuici. Ni ba a daji aka haife ni ba."

"Wa ya ce ki rubuta?"

"Wa ya ce kar in rubuta? Duk cikinku ba mai bakin magana?"

Ya shafa fuskarsa. Ya ce mai binciken za ta iso ƙarfe biyu, kuma katin nan shi kaɗai ne a hannunta. Idan Odessa ta ce coci ce ta yi mata rufin, shi ke nan.

"Coci? Ta taka nan da can ta tambayi Fasto Ruffin, mutumin da ko wasa ba ya ƙarya?"

"To ki ce ba ki tuna ba. Shekararki saba'in da huɗu, wa zai ga laifinki?"

Maganar ta soke ta. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana dafa abinci a makarantar firamare, har yau tana iya lissafo maka yaran da ba sa cin gyaɗa, aji aji. A coci ita ake tambaya ranar da wane ya rasu. Ba ta da mota, ba ta da ajiya a banki, amma kanta garau yake, kuma da shi take taƙama.

"In na faɗi gaskiya fa?"

"Saura kwana tara a fara babbar gasar jami'o'i ta Maris. Za su cire shi, tallafin karatunsa ya tafi, ga shi saura shekara biyu ya gama. Manyan ƙungiyoyi kuwa ba sa ɗaukar wanda yake zaune a gida. Wallahi Mama don shi nake roƙonki, ba don kaina ba."

Ya ci cinyar kaza biyu, ya sha shayi mai ƙanƙara, ya tafi da wuri don kada a ga motarsa a unguwar.

Ƙarfe biyu daidai mai binciken ta iso, wata siririyar yarinya mai suna Lindqvist, da jaka da ƙaramar na'urar ɗaukar magana. Ta gaida Odessa da ladabi, ta ajiye na'urar a tebur, ta nuna mata hoton katin.

"Mama, rubutunki ne wannan?"

Odessa ta kai takardar kusa da hanci, ta nisanta da ita. "Ya yi kama da na ƙanwata Lurleen. Kin san Lurleen? Ke ba 'yar gidan Pettway ba ce, masu shagon taya?"

"A'a Mama, daga Minnesota nake. Wa ya biya kuɗin gyaran rufin nan?"

"Ai maigidana ne yake hawa ya gyara. Bai dawo daga aiki ba tukuna."

Maigidan nata shekararsa goma sha shida a kabari. Ta kira yarinyar da suna uku daban daban, ta tambaye ta sau biyu ko ta ci abinci, ta ce Demarion yana aji shida, wai har ya fara tsawo. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne yadda ƙaryar take fitowa ba gargada, kamar ta daɗe tana yi.

Bayan kusan awa guda yarinyar ta kashe na'urar. Ta dafa hannun Odessa, ta ce ita ma kakarta haka mantuwa ta fara mata. Ta tambaya ko akwai mai kwana da ita a gidan. Kafin ta fita har ta leƙa kicin ta duba ko an kashe gas. Odessa tana zaune tana kallonta, kunya kamar ta nutse.

Yarinyar tana sauka daga matakala wayar gidan ta yi ƙara. Demarion ne.

"Kaka."

"Dogo ɗan nema! An gama, na rufe maka bakin kowa. Saura ka je ka zuba musu ƙwallo, kar in ji ka zubar da ko ɗaya."

Tana jin hayaniya a bayansa da muryar lasifika tana kiran sunayen garuruwa.

"Ina kake haka?"

"Tasha. Kaka, sun kore ni. Tun ƙarfe takwas na safe suka kira ni ofis, suka karɓi rigunana da katin cin abinci. Sun ce jami'a ba ta san komai ba, wai ni da iyalina muka karɓa a ɓoye. Gobe za su faɗa wa 'yan jarida."

"Wa ya gaya maka haka?"

"Koci Whitlow, shi ya miƙo min takardar. Ya ce kar in kira ki sai bayan ƙarfe uku, wai kar hankalinki ya tashi."

Ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Uku da minti huɗu. Yaron nan tun yana ƙarami abin da aka ce masa shi yake yi.

"Ka sa wani abu a cikinka?"

"A'a."

"Sayi ko burodi ne ka ci. Ka zauna kusa da direba, ka ji? Ina nan."

Ta ajiye wayar. Ta taga tana hango motar yarinyar ba ta tashi ba, tana ciki tana rubutu a kan cinyarta. Odessa ta cire tabarau, ta gyara wuyan rigarta, ta fita ta tsaya a saman matakala.

"Ke 'yar nan, Lindqvist!"

Yarinyar ta ɗago da sauri, jin an kira sunanta daidai.

"Dawo da na'urar taki. Ranar Talata aka yi rufin nan, sha ɗaya ga Afrilu. Kafintoci uku ne, kuma Koci Whitlow ne ya riƙe musu tsani."