Ranar da Muka Ƙi Amsa Usur

Karo na uku ke nan da aka busa usur ɗin, na riƙe hannun Auta gam.

"Ba inda za ki. Zauna ki gama karyawa."

"Mama, ba haka yake busawa ba."

"Ko da hanci yake busawa, ba ruwanki."

Mai busawar maƙwabcinmu ne, tsohon malamin wasanni da ke zaune shi kaɗai a ɗakin ƙarshe na gidan hayarmu. Yara na ce masa Baba Mai Usur. Ciwon asma gare shi tun yana yaro, kamar Autata 'yar shekara tara. Shi ya tattara yaran layinmu masu wannan ciwo, su biyar, kullum da safe ya busa usur su fito tsakar gida. Ba a farawa sai kowa ya nuna masa maganin shaƙarsa. Tafiya a hankali tukuna, sai tsallen igiya, sai gudu daga bakin famfo zuwa ƙofa, a huta, a sake. Wata huɗu ana haka. Auta, da sai ta tsaya sau biyu kafin ta gama hawa matakala, ta koma hawa tana zuba surutu.

Sai ran nan ciwon ɗan tela ya tashi ana tsakiyar tsalle. Ashe mura yake yi, uwarsa ba ta faɗa ba. Kwana biyu ya yi a asibiti. Ni na ja mata zuwa ƙofar Baba, da ma an san ni da baki.

"Malam, aikin yi ka rasa ne? Yaro na neman numfashi kana sa shi gudu?"

"Maman Auta, zaman da kuke sa su yi ba ya ƙara musu lafiya. Ki tambayi likitarta mana."

"Likita ce ta haifa mini ita? Da ka taɓa haihuwa da ka san zafin ɗa."

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Nan muka yanke cewa duk yaron da ya amsa usur zai sha bulala. Shi kuma, da taurin kansa, kullum sai ya busa sau ɗaya, dogo, ya jira, sannan ya yi motsa jikinsa shi kaɗai.

Na tambayi likitar kuwa, a ɓoye. Ta ce abin na taimakon Auta, a ci gaba, a dai kula. Na dawo gida na kama bakina, don ban san da wane ido zan dubi matan da na ja ba. Sati uku ina riƙe da wannan magana, kuma har yau ina jin haushin kaina.

To, a safiyar nan busar gajera ce, tana yankewa. Na leƙa na ga matar tela ta damƙe rigar ɗanta a bakin ƙofa. Muka haɗa ido, ta taɓe baki, ni ma na taɓe. Aka busa na huɗu, da ƙyar ya fita. Daga nan ba a sake ba.

Auta ta fizge hannunta ta ruga. Ina bin ta da zagi na ji ihunta.

Baba na zaune a ƙasa a ɗakinsa, ya jingina da gado, leɓensa sun yi baƙi. Maganin shaƙarsa na gefe, ya ƙare. Auta ta ciro nata ta sa masa a baki.

"Ja, Baba! Ja!"

Ba shi da ƙarfin ja.

"Mota!" na ce. "A nemo mota!"

Maza duk sun tafi aiki, babban titi kuma da nisa. Kafin in juya, Auta ta fita.

Na tallabe kansa ina masa fifita da marfin kwali, kamar iska ce babu a ɗakin. "Malam, na tambayi likitar," na ce. "Gaskiyarka ce." Ban sani ba ko ya ji. Matar tela ce ta rufe masa ido.

Can muka ji ƙarar mota a lungu. Auta ce a gabanta, tana gudu tana nuna wa direba hanya. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba takalmi ɗaya, gumi har wuya. Ta dubi zanen da muka lulluɓe shi da shi.

Na jawo ta, na ɗora kunnena a ƙirjinta. Zuciyarta na bugawa da sauri. Iska na shiga tana fita, sumul, ko ɗan kukan asma babu.